Zaurance da Harsunan da Aka Ƙirƙira

Zaurance salon magana ne da ake ginawa a kan Hausa, a jirkita ta har wanda ba a koya masa ba ya kasa gane inda aka dosa. Tsohuwar al'ada ce ta yara da samari da ƴammata a ƙasar Hausa, daga Kano da Katsina har garuruwan jihar Maradi irin su Madarunfa, garin da ke bakin tafki, kusa da iyakar Nijeriya. Da ka aka gaje shi: wa ya koya wa ƙane, ƙawa ta koya wa ƙawarta a dandali. Amfaninsa ɓoye zance ne, ko daga manya, ko daga baƙon da ya zauna ya kasa kunne.

Sabon shiga ba ya haddace kalmomi. Doka ɗaya ake ba shi, ya dinga ɗora ta a kan Hausar da ya riga ya iya. A wani salon ana cusa gaɓa mai harafin "b" a cikin kalma, wasalinta ya bi na gaɓar da ta gabace ta, sai "gida" ya koma "gibida". A wani kuma juya gaɓoɓin ake yi, "gida" ya zama "dagi". Kama dokar ba wuya. Sauri shi ne aikin. Mai koyo kan fara da sunaye, ya wuce zuwa gajeruwar gaisuwa, amma kunnensa kan daɗe bai saba ba, domin gwanaye ba sa jiran kowa. Idan kuma manya suka gano bakin zaren, sai a sauya gaɓar da ake cusawa, shi ya sa salon wannan unguwa kan saɓa da na waccan.

Masana sun waiwayi abin daga baya. A 1997 Ousseina Alidou, masaniyar harshe ƴar Nijar, ta rubuta kundin digirinta na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan irin wannan wasa a harsuna shida na Nijar. Abin da ke jan hankalinsu shi ne yaron da bai taɓa karanta nahawu ba yana yanka kalma gaɓa-gaɓa daidai wa daida.

Akwai kuma harsunan da mutum ɗaya ya zauna ya tsara a takarda, su kuwa manufarsu haɗa mutanen da ba sa jin juna. Mafi shahara shi ne Esperanto, wanda likitan ido Zamenhof ya wallafa a birnin Waso na Polan a 1887, da ƙa'idojin nahawu 16. Masu jinsa sun yi babban taronsu na duniya a Arusha ta Tanzaniya a 2024, karo na farko a Afirka. A Nijeriya Alex Igbineweka ya ƙirƙiri Guosa a 1965, yana tsamo kalmomi daga Hausa da Yarbanci da harshen Ibo, sannan a 1970 Kumi Attobrah na Gana ya fito da Afrihili.

Guosa da Afrihili ba su yi jijiya a ƙasar Hausa ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Ɗan kasuwar Madarunfa da ya ƙetara iyaka ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, da Hausa yake ciniki da Bafulatani da Buzu da Bayarabe, Faransanci kuma yana jiransa a makaranta da ofis in ya dawo gida.