Wasan Dabo-Dabo: Yadda Ake Koyonsa da Yadda Yake Ɓacewa

Kowace yarinya da ta tashi a ƙasar Hausa ta san 'yar tsana. Da kara ake yin ta, a ɗaura mata ƙyallen da aka tsinto a gindin keken tela, a yi mata kitso da zare, har ma idan ƙawaye sun taru a yi mata biki, da lefe da kai amarya. Amma wannan 'yar tsana ba ta magana, kuma ba don 'yan kallo ake yin ta ba. Akwai wata iri dabam, wadda babban mutum yake ɗinkawa da hannunsa, ya sa ta ta yi rawa da zagi da kuka a gaban taron jama'a, a ba shi abin da ya samu. Ita ce ta wasan dabo-dabo, wadda Hausawan Nijar suke kira ɗiyan dabo. Sunan kansa ya nuna yadda mutane suka ɗauki al'amarin, domin dabo shi ne rufa-ido, watau a nuna wa mutum abin da hankalinsa ya san ba zai yiwu ba. Tsumma ya yi magana kuwa, ai dabo ne.

Bayanin wannan wasa da aka rubuta tun farkon zamanin Turawa daga Barno ya fito. A shekarar 1910 wani Bature mai suna D. Alexander ya buga ɗan taƙaitaccen labarinsa a mujallar Man ta birnin Landan, ya rubuta sunan da haruffan Ingilishi yadda kunnensa ya ji, ya kuma kwatanta shi da wasan Punch na ƙasarsu. A 1935 R. E. Ellison ya ba da labarin wanda ya gani a mujallar Nigerian Field, kuma daga nan ne Ruth Finnegan ta ɗauko shi ta sa a littafinta na adabin baka na Afirka a 1970. Abin da Ellison ya gani ba shi da tsada ko kaɗan. Sanduna ake kafawa a ƙasa, a lulluɓa musu babbar riga, mai wasa ya shiga ciki ya ɓuya, wuyan rigar ya zama dandali. 'Yan tsanar na tsumma ne, ana zura su a hannu kamar safa. Kowane wasa 'yan mintoci ne kawai, da ɗan labarinsa cikakke, alal misali ɓarawo ya shiga gida da dare, matar gida ta farka ta ta da mijinta. Muryar kuwa siririya ce mai tsini, domin mai wasan yana magana ne ta cikin wani ɗan usur da aka haɗa da ɓawon ƙwan jimina guda biyu.

A wannan ɗan usur ne sirrin sana'ar yake. Domin a gane haka sosai sai a duba Masar, inda wasa mai wannan kama ya daɗe kuma aka tanadi tarihinsa a rubuce.

Mutanen Alƙahira sun san wasan inuwa tun kafin wasan 'yar tsana ta hannu, watau a yanka siffofi da fata, a riƙe su tsakanin fitila da farin ƙyalle, jama'a su kalli inuwarsu. Muhammad Ibn Daniyal, mutumin Mosul da ya zauna a Alƙahira yana sana'ar maganin ido, ya kuma rasu wajen 1310, ya bar wasanni uku na irin wannan, cike da ba'a da shaguɓe. Bayan Sarkin Daular Usmaniyya Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, ya sa aka rataye sarkinta na ƙarshe daga cikin Mamalik, Tumanbay, a ƙofar Zuwaila, marubucin tarihi Ibn Iyas ya ba da labarin wani mai wasan inuwa da ya kwaikwayi ratayewar a gaban Salim, har da yadda igiya ta tsinke. Abin ya ƙayatar da Salim, ya yi masa kyauta, ya ce ya bi shi Istanbul don ɗansa ya gani. Wasan inuwa na Turkawa sunansa Karagoz, kuma masana da yawa suna ganin daga wannan suna ne Misirawa suka samo sunan 'yar tsanarsu ta hannu, Aragoz, mai kan itace da jar hula da sanda, mai bakin da ba ya ragawa matarsa ko ɗan sanda. A bukukuwan maulidin waliyyai da lungunan talakawa ya yi suna, ba a fadar sarakuna ba.

Mai son koyon wasan Aragoz abu uku ke gabansa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko shi ne haɗa 'yar tsanar, wanda shi ne mafi sauƙi: a sassaƙa kai, a rarake wuyansa yadda yatsa zai shiga, a ɗinka riga mai hannu biyu. Na biyu shi ne hannu. Manuniya ce take shiga cikin kai, babban yatsa da na tsakiya su zama hannuwa, sai mai koyo ya yi ta fama har 'yar tsanar ta iya ɗaukar sanda, ta sunkuya, ta waiwaya kamar an kira ta. Ga kuma gajiyar ɗaga hannuwa sama da kai tun daga fara wasa har ƙarewarsa. A nan ya kamata a lura da wani abu game da tsarin labaran. Da yake mutum hannu biyu gare shi, 'yan tsana biyu ne za su iya tsayawa a dandali a lokaci guda, shi ya sa kusan kowane wasa na wannan iri jayayya ce tsakanin mutum biyu: miji da mata, ɓarawo da mai gida, talaka da dogari. Ba ƙarancin hikima ba ne ya kawo haka, halittar ɗan Adam ce.

Na uku shi ne murya, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo suke sarewa. Abin da mutanen Barno suka yi da ɓawon ƙwan jimina, Misirawa da ƙarfe suke yi: 'yan falle biyu masu ɗan lanƙwasa, da ƙyalle siriri a tsakaninsu, a ɗaure da zare. Ana ɗora shi a ganɗa, a tokare shi da bayan harshe, iska ta bi ta ciki ta kaɗa ƙyallen. Gwanintar ita ce mutum ya yi maganar Aragoz da shi, nan take ya kau da shi da harshe ya amsa da muryarsa ta ainihi a madadin ɗaya 'yar tsanar, ya sake mai da shi, ba tare da ya shaƙe ko ya haɗiye ba. Sunan da suka ba wannan ɗan ƙarfe Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa shi: amana. Ba a sayar da shi a kasuwa tare da kayan wasan yara. Gwani ne yake nuna wa yaronsa yadda ake haɗa shi, bayan yaron ya daɗe yana ɗaukar masa kaya. Da yake kuma muryar ba ta fita sarai, akwai mataimaki da yake tsayawa a waje, yana yi wa Aragoz tambaya, yana maimaita amsarsa don jama'a su ji, kamar yadda sanƙira yake ɗaga maganar mawaƙi.

Haka abin yake a Ingila. Samuel Pepys ya rubuta cewa ya ga wani ɗan Italiya yana wasan 'yan tsana a Covent Garden ranar 9 ga Mayu, 1662, kuma daga wannan rana Turawan Ingila suke ƙirga shekarun Punch. Lokacin da Henry Mayhew ya yi hira da wani mai wannan sana'a a Landan wajen 1850, mutumin ya yi bayanin wasan dalla-dalla, amma da aka zo kan ɗan ƙarfen murya sai ya nuna sirri ne da aka koya masa. Wannan kamanni tsakanin Barno da Alƙahira da Landan yakan ja ɗalibi ya yi saurin yanke hukunci cewa alhazai ko fatake ne suka kawo wasan ta hanyar gabas. Hanyar dai tana nan, an kuma daɗe ana bin ta, amma kama da wane ba ta wane, kuma kamanni kaɗai ba hujja ba ce a ilmin tarihi.

Abin da ya sa sana'ar ta yi arha shi ne kuma ya sa take saurin ɓacewa. Tsumma da kara ba sa shekara ɗari, gara da asu suna gamawa da su. Ko da an ajiye 'yar tsana a gidan tarihi, an rubuta mata lamba, abin da aka adana shi ne kashi mafi sauƙi daga cikin ukun nan. Hannu da murya suna jikin mutum, da shi ake binne su idan bai bar ɗan koyo ba. Ma'aikacin hukumar al'adu da ya sayi kayan tsohon gwani ya sallame shi, bai san ya bar abin da ya zo nema a bakin tsohon ba. Da majigi ya zo, silima da talabijin suka biyo baya, taron da yake tsayawa a kasuwa ya ragu, yara kuma suka daina ganin dalilin bin gwani shekara da shekaru.

Masar ma ta kusa yin wannan asara. Hukuma ta kafa gidan wasan 'yan tsana a Alƙahira a 1959, amma ƙarfinsa ya fi karkata ga 'yan tsana masu zare irin na Turai, aka bar masu Aragoz a titi, a daidai lokacin da talabijin ya fara aiki a ƙasar a 1960. Sai a 2003 wani malamin jami'a, Nabil Bahgat, ya kafa ƙungiya mai suna Wamda. Bai fara da tara 'yan tsana a cikin gilashi ba. Ya nemo tsofaffin da suka rage, ya rubuta wasanninsu daga bakinsu, ya zaunar da samari a gabansu suna koyon sassaƙa da ɗinki da sarrafa amana, sa'an nan ya samar musu wurin wasa a wani tsohon gida na tarihi, Baitus Suhaimi, inda jama'a suka riƙa zuwa kallo. A 2018 hukumar UNESCO ta sa wasan Aragoz cikin jerin al'adun da suke bukatar ceto na gaggawa, kuma daga cikin dalilan da aka bayar akwai cewa gwanayen da suka rage kaɗan ne, mafi yawansu kuma tsofaffi.