Takardar Lafiya da Lasisin Tsafta: Sharuɗɗan Sayar da Abinci a Gana

A unguwanninmu na Zango, daga Nima da Mamobi a Akra har zuwa Kumasi, sana'ar abinci ce ke riƙe da gidaje masu yawa: koko da ƙosai da sassafe, shinkafa da wake da ake kira waakye da hantsi, tuwon zafi da rana, tsire da daddare. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar takardun da hukuma ke nema a wannan sana'a a matsayin haraji kawai. Alhali an sanya su ne don hana cuta ratsawa daga hannun mai girki zuwa cikin mai ci.

A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, kimanin mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya kowace shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A nan Gana ba mu manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 ta kuma kashe sama da 200, ta fi tsanani a yankin Akra.

Asalin hukuncin yana cikin Dokar Kiwon Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, wadda ta ba Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wato FDA, ikon sa ido a kan abincin da ake sayar wa jama'a. Majalisun birane da na gundumomi su ma suna da nasu dokoki, jami'an tsaftar muhalli da muke kira tankas ne ke bin su. Sharuɗɗan sun kasu kashi uku.

Na farko, lafiyar jikin mai girki. Duk wanda hannunsa ke taɓa abinci, mai dafawa da mai zubawa da mai wanke kwanuka, wajibi ne a gwada shi, majalisar yankinsa ta ba shi takardar shaidar lafiya, a riƙa sabunta ta. Hikimar wannan a fili take a zazzaɓin taifot. Wasu cikin waɗanda suka warke ƙwayar cutar kan zauna a maɗaciyarsu, tana fita ta bayan gida tsawon shekaru, su kuwa garau suke. Misalin da likitoci suka fi kawowa shi ne na Mary Mallon, wata kuku a birnin New York na Amurka, da aka gano a 1907 tana harbin gidajen da take wa girki da taifot, ita ba ta jin ciwon komai. Sai dai takarda tana shaidar ranar gwaji ne kaɗai. Wanda gudawa ko amai ya kama, ya nisanci tukunya har sai ya yi kwana biyu da warkewa.

Na biyu, tsaftar wuri. Gidajen abinci, otal-otal, masu yin burodi, ɗakunan girkin makarantu da masu dafa abincin biki suna buƙatar lasisin tsaftar abinci daga FDA. Ana rubuta takardar nema, jami'ai su zo su duba ruwa, wurin wanke hannu, ma'ajiyar kaya, yadda ake zubar da shara da kuma kariya daga ɓera da ƙuda. Lasisin na shekara ɗaya ne, a kuma rataye shi inda mai saye zai gani. Masu sayarwa a bakin titi akwai izinin da aka keɓe musu. Wanda ya yi sana'a ba tare da su ba, ana iya rufe wurinsa, a ci shi tara ko a kai shi kotu.

Na uku, ilimi. Horon da ake ba masu girki yana komawa ga ƙa'idoji biyar na Hukumar Lafiya ta Duniya: kiyaye tsafta, raba ɗanye da dafaffe, kada wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ta yanka albasar da za a zuba a tsire, dafa abinci ya nuna sosai, zafinsa ya kai digiri 70, ajiye shi da zafi sama da digiri 60 ko da sanyi ƙasa da digiri 5, sai amfani da ruwa da kayan miya masu kyau. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri, shi ya sa ba a so dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. Ƙanshi da ɗanɗano ba hujja ba ne, domin miya kan gurɓace ba tare da ta yi tsami ba.

Wannan ilimi bai tsaya ga 'yan kasuwa ba. Mu da muke dafa manyan tukwane na suna, walima da buɗa-baki, mu lura da awa biyun nan, domin tukunya ɗaya da aka sauke da rana aka raba da magariba tana iya kwantar da unguwa. Idan kuma za mu ba da aikin girkin taro, mu nemi ganin takardu tun kafin a yi ciniki. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu.