Wa Ke Riƙe Hannun Sabon Ɗalibi? Daga Tsangaya Zuwa SBS, Da Abin Da Ya Shafi Ɗan Kuyello



Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu a jami'a suka fito, sai gida ya kaure da murna. A yi ta "Allah Ya sanya alheri", a haɗa wa yaro garin kwaki da ƙuli-ƙuli da 'yan kuɗin mota, a ɗauka magana ta ƙare. Amma duk wanda ya taɓa zama a babbar makaranta ya san shekarar farko ita ce mai kayar da mutane. Yau za mu bi tarihin yadda aka riƙa tarbar sabon ɗalibi a ƙasar Hausa, mu ga abin da tarihin zai ce game da yaron da zai taso daga Kuyello, a gabashin Birnin Gwari, ya nufi Zariya ko Kaduna da takardar shiga jami'a a hannu.

Mu fara da abin da muka gada. Tun kafin boko, tsangaya tana da matakanta: kolo, titibiri, gardi, har a kai ga alaramma da gwani. Idan aka kawo sabon kolo, alaramma ba ya iya bin kowane yaro da kansa, don haka sai a damƙa shi a hannun wani gardi. Shi zai rubuta masa allo, ya biya masa karatu, ya nuna masa wurin kwana da rijiyar da ake ɗibar ruwa. A cikin gari kuma almajiri yakan samu uwar ɗaki, wadda ke ajiye masa abinci, ta tambaya idan ta kwana biyu ba ta gan shi ba. Ba muna wanke tsarin daga laifinsa ba ne, kowa ya san halin da bara ta jefa yara a yau. Abin lura shi ne, magabata sun gane cewa baƙon karatu yana buƙatar mutum guda, sananne, wanda za a tambaya idan yaron ya ɓace.

Da boko ya zo, makarantun farko sun riƙe wani abu mai kama da wannan. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ɗalibanta kaɗan ne, zaɓaɓɓu daga larduna, kuma a makarantar suke kwana, malamai sun san kowa da sunansa. A nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Sai dai ƙarancin makarantun sakandare a Arewa ya haifar da matsalar da ta fito fili a ranar da aka samu jami'a.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426. A cikinsu 147 ne kawai 'yan Arewa. An gina jami'a a Samaru, amma 'ya'yan masu jami'ar ba su da takardun shiga, domin a lokacin sai ka yi ƙarin shekara biyu bayan sakandare ka samu babbar shaidar HSC, kuma makarantun da ke koyar da wannan mataki ba su da yawa a Arewa.

Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci jami'ar, ya riƙe ta daga 1966 zuwa 1975. A zamaninsa aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a a cikin harabar ABU, wadda aka fi sani da SBS. Dabarar mai sauƙi ce. Maimakon a zauna jiran sakandare ta gyaru, sai a ɗauko yaron da ya gama aji biyar, a zaunar da shi a Samaru, a cike masa giɓin da ya taho da shi, sannan ya shiga digiri. Kafin ya fara karatun digirin ya riga ya san ɗakin karatu, ya saba da lacca, ya san ofishin da ake zuwa idan abu ya rikice. Jihohi ma suka buɗe irin nasu. A Zariya akwai kwalejin CAST, inda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya koyar daga 1976 zuwa 1979. A 1976 aka samar da jarrabawar IJMB ƙarƙashin kulawar ABU, domin waɗannan makarantu su samu ma'auni ɗaya. Likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da dama da Arewa ta yi alfahari da su ta wannan gada suka haye.

Ta ɓangaren ba da shawara a matsayin aiki na musamman kuwa, masana sukan fara lissafi daga 1959, lokacin da wasu sistocin Katolika a Kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban domin su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin sana'o'i. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a samar da malaman ba da shawara a makarantu. A 1978 aka kafa JAMB, hanyar shiga jami'a kai tsaye daga sakandare ta ƙara faɗi. Ƙofa ta buɗe wa mutane da yawa, wannan alheri ne. Amma yaro ya koma yana faɗawa cikin jami'a ba tare da ya bi ta gadar da ta saba shirya na gabansa ba.

Wannan damuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, Jami'ar South Carolina ta ƙirƙiro darasi na musamman a 1972 mai suna University 101, wanda aikinsa kawai koya wa sabon ɗalibi zaman jami'a. A 1975 wani masani, Vincent Tinto, ya fitar da nazarinsa kan dalilan barin karatu, inda ya nuna cewa ɗalibi yakan ɗore ne gwargwadon yadda ya saje da makarantar ta fuska biyu, wato karatu da zamantakewa. Wanda bai san malami ko ɗaya ba, ba shi da aboki, shi ya fi saurin tattara kayansa. Alaramman tsangaya bai karanta Tinto ba, amma dalilin da ya sa yake haɗa kolo da gardi ke nan.

To, me jami'o'inmu suka tanada a yau? Akwai taron wayar da kan sababbin ɗalibai, akwai sashen kula da harkokin ɗalibai, akwai cibiyar ba da shawara, akwai malamin da aka ɗora wa kula da kowane aji, wanda ɗalibai ke kira lebul kodineta. Akwai kuma darussan gama-gari irin su amfani da Turanci da amfani da ɗakin karatu. A takarda babu abin da ya rage. Inda gizo ke saƙar shi ne yawa. Malami ɗaya da ɗaruruwan ɗalibai, ga koyarwa ga makin jarrabawa, sau da yawa alaƙarsa da yaro ba ta wuce sa hannu a fom ɗin rajista. Taron wayar da kai kuma akan yi shi a babban zaure, wanda ya makara wajen haɗa kuɗin rajista sai dai ya ji labari.

Ga kuma tsarin lissafin maki, wanda ba ya yafiya. A mafi yawan jami'o'inmu, wanda ya ci 70 zuwa sama yana da A, maki 5. Wanda ya faɗi yana da sifili. Ana ninka makin da nauyin kwas, a raba da jimillar nauyin kwasakwasan da ka yi rajista. Idan kana da kwas biyu masu nauyin 3 kowanne, ka ci A a ɗaya ka faɗi ɗaya, lissafinka ya zama 15 a raba 6, wato 2.5, kuma kwas ɗin da ka faɗi yana jiranka baɗi. Tunda ana tara sakamakon ne har zuwa shekarar ƙarshe, tuntuɓen zangon farko yakan bi mutum har ranar yaye shi. Wani ma ya zauna jarrabawar kwas ɗin da bai yi wa rajista daidai ba, sakamako ya ƙi fitowa. Duk wannan bayanin minti goma ne, idan akwai mai yi.

Yanzu mu dawo Kuyello. Yaran da ke isa shekarun shiga jami'a a yankin Birnin Gwari a yanzu sun yi firamare da sakandare ne a cikin shekarun 'yan bindiga. A watan Maris na 2021 aka sace malamai uku daga makarantar firamare ta Rama a ƙaramar hukumar, kwanaki kaɗan bayan sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna. A ƙarshen wannan shekarar aka katse layukan waya a yankin na tsawon makonni. Makarantu sun yi ta rufewa, malamai sun ƙaurace, iyalai sun yi hijira. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kaduna ta sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan sulhu, harkoki suka fara dawowa. Amma zangon karatun da ya wuce ba ya dawowa da buɗe kasuwa. Yaron da ya tsallake duk wannan ya ci JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta, jarumi ne. Zai zauna aji ɗaya da ɗan makarantar kuɗi ta Kaduna, a yi musu lacca ɗaya da Turanci, a ba su jarrabawa ɗaya. Halinsa ya fi kama da na ɗan Arewan 1962 fiye da na abokin zamansa a benci.

Maganin da aka yi wa na 1962 har yanzu yana nan, kuma kusa da gida. ABU tana da makarantar share fage a Funtuwa, wato SBRS, wadda aka buɗe a farkon shekarun 2000, kuma ana ci gaba da IJMB, wadda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. Ya kamata iyaye su daina kallon wannan hanya a matsayin ta waɗanda suka kasa. Shekara ɗaya a gada ta fi a kori yaro bayan shekara biyu ya dawo gida da kunya. Ga kuma asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024, wanda amfaninsa ba zai kai ƙauye ba sai an samu mai bayani da mai taya cike fom.

Sauran aikin kuwa ba ya buƙatar kasafin kuɗi. A manyan makarantunmu, ƙungiyoyin ɗalibai na addini da na ƙananan hukumomi sun daɗe suna shirya wa sababbi darussan bita kyauta. Abin da ya rage shi ne a mayar da abin nauyi a wuyan wani. Duk yaron da zai bar Kuyello ko Dogon Dawa ko Randagi zuwa jami'a, a haɗa shi da babban ɗalibi guda tun kafin ya hau mota, iyaye su san sunansa su karɓi lambarsa. Shi zai raka shi rajista, ya kai shi gaban lebul kodineta, ya zauna da shi su duba sakamakon zangon farko. Gardin boko ke nan.

Mu ma marubuta muna da namu kason. Dattawan da suka bi ta SBS da CAST suna nan a cikinmu, mu zauna da su mu rubuta abin da suka gani tun suna da rai. Sannan ɗan littafi mai shafi ashirin da Hausa, wanda zai bayyana rajistar kwas da lissafin maki da ofishin da ake zuwa idan an shiga matsala, zai yi wa ɗan Kuyello amfanin da ba zai manta ba. Wanda ya san hanya ya nuna wa na baya.

Allah Ya ba ƙannenmu sa'a, Ya zaunar da Birnin Gwari da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.