Yadda Shaidar Bangaskiya Ta Shiga Waƙa

'Yar'uwa, in kina da maƙwabta Kirista, wataƙila kin taɓa jin su ranar Lahadi sun miƙe tsaye a coci suna faɗin wasu kalmomi baki ɗaya, wani wurin a karance, wani wurin a rere. Ita ce suke kira shaidar bangaskiya, wato taƙaitaccen bayanin abin da suka yi imani da shi. To ba haka kawai ta shiga waƙa ba, rigima ce ta kai ta.

Wajen shekarar 318, a birnin Iskandariya na ƙasar Masar, an yi wani limamin coci mai suna Ariyus. Shi a ganinsa Yesu Almasihu (Annabi Isa a bakin Musulmi) halitta ne da Allah ya halitta. Bishop ɗinsa ya ce sam, ba haka coci ke koyarwa ba. Ariyus kuwa akwai wayo. Bai tsaya musu da malamai kaɗai ba, sai ya zuba ra'ayinsa a cikin waƙoƙi. Wani marubucin tarihi na da can ya ce ya yi wa ma'aikatan jirgin ruwa tasu, ya yi wa matafiya, har da masu niƙa. Ke da kika san yadda waƙar niƙa ke kama baki, kin san an zo wurin. Wadda ba ta san ko bihim ba za ta haddace, goyon da ke bayanta ma ya tashi da ita.

Da abin ya nemi raba ƙasa, Sarki Kwanstantin ya tara bishop-bishop sama da 200 a garin Nikiya, wanda yanzu ake kira Iznik a Turkiyya, cikin shekarar 325. Suka ƙi maganar Ariyus, suka rubuta shaidar da za a tsaya a kai. A 381 aka yi mata ƙari a Kustantiniya, wato Istanbul ta yau.

Amma an taɓa kashe waƙa da takarda? Wajen shekarar 400 mabiyan Ariyus a birnin nan suna fitowa da dare suna rera nasu har asuba. Bishop Yohanna, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Mai Bakin Zinariya, shi ma ya fito da nasa mawaƙan, matar sarki ta biya kuɗin giciyen azurfa masu kyandir da suke ɗauka. Wani dare ɓangarorin suka yi kiciɓis, aka yi jifa, aka rasa rayuka. Waƙa fa!

Da farko a wajen baftisma ake faɗin shaidar. Sannu a hankali ta shiga sujadar kowane mako: a Kustantiniya wajen 511, a Sifen kuma a 589, bayan sarkin ƙasar ya bar tafarkin Ariyus. Dalilin bai ɓuya ba: abin da ake maimaitawa duk Lahadi shi ke zama a zuciya. Daga nan ta kai fadar Sarki Shalman, wanda ya mallaki Faransa da Jamus, inda ake rera ta da Latin.

A nan ne abin da ya fi ba ni mamaki ya faru. Mutanen yamma sun ƙara kalma ɗaya tak, filiyokwe, mai nufin Ruhu Mai Tsarki yana fitowa daga Ɗan ma, ba daga Uban kaɗai ba. Na gabas suka ce wa ya ba ku izinin taɓa abin da magabata suka rubuta? A shekarar 810 Fafaroma Liyo na Uku, duk da bai ƙi ma'anar kalmar ba, ya nemi a cire ta, har ya ba da shawara a riƙa rage rera shaidar a fada sannu-sannu don jama'a su manta. Ya kuma sa aka rubuta ta asalin a kan allunan azurfa guda biyu, ɗaya da Girkanci ɗaya da Latin. Ina! Bakin da ya saba ya saba. Mutanen Shalman suka ci gaba da abinsu.

A 1014 Sarki Henri na Biyu na Jamus ya je Roma naɗin sarauta, ya tarar ba a rera shaidar a sujada. Da ya tambaya, limaman suka ce musu da ɓata ba ta taɓa shiga cocinsu ba, me za su yi da yawan tuni? Sarki ya matsa, Fafaroma ya yarda aka fara rerawa, kalmar nan ta samu gindin zama. Bayan shekara 40, a 1054, gabas da yamma suka yi baram-baram, ita ma tana cikin laifuffukan da aka lissafa. Har yau Katolika na yamma suna faɗinta da kalmar, a cocin Otodoks na Rasha kuwa jama'a, maza da mata, suna rera ta baki ɗaya babu ita.