Azumin Kulle a Bici, 2020

'Yan uwa mata, a tarihin ƙungiyarmu babu shekarar da ta gwada mu kamar 2020. Ranar 11 ga Afrilu aka samu mutum na farko mai cutar korona a Kano. Daren 16 ga wata Gwamna Ganduje ya sa dokar kulle, saura mako guda a ɗauki azumi.

Kafin dokar ta fara aiki, masu hali suka yi wa shaguna wawa. Sukari, mai, taliya, buhu-buhu, katan-katan. Mai sayen gwangwani ɗaya kuwa sai ta tarar farashi ya fi ƙarfinta. Ko da aka sassauta a watan Mayu, Litinin da Alhamis kaɗai ake fita.

Mu nan karkara, rumbu ne ya rufa mana asiri. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu ƙosai, awara da ƙuli-ƙuli, don in ba a fita talla ba, jari ake ci. Sai aka ɗaga zubin adashi. Mai geron bara ta auna wa maƙwabciya tiya biyu, bashi sai kaka. Da magariba kuma kwanon kunu ya riƙa tsallaka katanga, ba wanda ya ji, balle ya gani.