Nana Asma'u da Jajojinta

Yawancinmu mun san sunan Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san dabarar da ta yi har waƙoƙinta suka game ƙasa.

An haife ta a shekarar 1793, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta iya Larabci da Filatanci da Hausa, duk kuwa ta yi waƙa da su. Bayan an gama jihadi sai ta duba ta ga matan ƙauye birjik, ba su san ko farillan alwala ba, waɗansu ma bori bai bar zukatansu ba. Ga shi babu injin buga littafi, takarda kuwa sai mai hali. To, ina dabara?

Sai ta zuba ilmin cikin waƙa, don ta san abin da aka rera ya fi zama a ka. A 1831 ta juya wata waƙar mahaifinta daga Filatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa. Ta kuma tsara wata gajeriya wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114, yadda ko wadda ba ta taɓa riƙe allo ba za ta iya kawo su bi da bi.

Sa'an nan ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ta naɗa kowacce Jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji takan taso daga ƙauyensu da tsofaffi da 'yan mata, su yiwo tafiyar ƙasa har Sakkwato. Su ne ake kira 'Yan Taru. Asma'u ta rera, su amsa, ta warware musu ma'ana, har su hardace. In sun koma gida sai su bi matan aure ɗaki ɗaki suna koya musu. Ba ta ce sai bakinta kaɗai zai rera ba. Ƙanenta Isa ma ya juya waɗansu waƙoƙinta zuwa Hausa don amfanin ya daɗa yaɗuwa.

Allah ya yi mata rasuwa a 1864, aka yi mata makwanci a Hubbaren Shehu, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. Da aka buga ayyukanta cikin littafi guda a 1997, an tarar mata ba su daina rera waɗansu ba. Da ta kulle su a adaka, da gara ta daɗe da gamawa da su. Allah ya jiƙanta, amin.

To, 'yan makaranta, mu da aka buɗe wa ido da karatu, kowa ya tuna da na gida waɗanda ba su sami zuwa ba. Kada a ce rijiya ta bayar, guga ya hana.