Tarihin Shigar Baƙaƙe Masu Ƙugiya Cikin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke koyon kwamfuta a Jiwa, ko a wani gari na yankin Birnin Tarayya, yakan tarar da b, d da k a kan madannai, amma ya nemi ɓ, ɗ da ƙ ya rasa. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda waɗannan baƙaƙe suka sami gurbi a cikin na'urar, domin tarihinsu yana fito da ginshiƙai biyu na wannan fanni, wato yadda kwamfuta ke adana rubutu da yadda take aika shi ga 'yar'uwarta.

2.0 Harafi a Matsayin Lamba

Da lamba kaɗai kwamfuta ke aiki. Mafi ƙanƙantar abin da take riƙewa shi ne bit, wato 0 ko 1, kuma bit takwas su ne bayit guda. Saboda haka wajibi ne a yanka wa kowane harafi lambarsa. A shekarar 1963 aka fito da tsarin ASCII a Amurka, mai bit bakwai da gurabe 128 kacal, inda harafin A ya sami lamba 65. Gurabun sun wadaci Ingilishi, amma baƙaƙe masu ƙugiya ba su sami shiga ba, alhali tun shekarun 1930 rubutun boko ya karɓe su. Illar wannan a bayyane take, domin idan ƙugiya ta faɗi, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari.

3.0 Dabarar Wucin Gadi

A shekarun 1980 da 1990 manazarta da maɗaba'u sun ƙirƙiri zubin haruffa na musamman, inda akan ɗauki lambar wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a ɗora mata siffar ƙ. Rubutun yakan fito daidai a kwamfutar marubuci, amma da zarar ya isa wadda ba ta da wannan zubi, sai tsohuwar alamar ta bayyana. A nan ne darasin sadarwa yake. Ƙa'idar TCP/IP, wadda hanyar ARPANET ta koma kanta ranar 1 ga Janairu, 1983, kuma intanet ta ginu a kanta, aikinta isar da lambobi ne kamar yadda aka ba ta. Fassara su kuwa sai mai aikawa da mai karɓa sun yi ittifaƙi a kan tsari guda.

4.0 Zuwan Unicode

Wannan ittifaƙi ya samu da tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991 da nufin bai wa kowane harafi na duniya lamba tasa. A cikinsa ƙ tana da lamba 409, ɓ 595, ɗ 599, sannan ƴ da ake amfani da ita a Nijar 436. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da ke adana k a bayit guda, ƙ kuma a bayit biyu.

Duk da haka matsalar ba ta kau nan take ba. Lokacin da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, gajeren saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160 ne a tsarin bit bakwai, wanda babu ƙugiya a cikinsa. Saƙon da ya ƙunshi ƙ ko da guda ɗaya yakan koma tsarin da ke ɗaukar 70 kawai.

5.0 Kammalawa

An ga cewa rashin lamba ne ya fara hana ƙugiya shiga kwamfuta, daga baya kuma rashin ittifaƙi ya hana ta tafiya. An warware duka biyun, kuma ana samun madannai na Hausa a wayoyi da kwamfutoci. Abin da ya rage yana wuyan malamai, su nuna wa ɗalibi yadda zai saita na'urarsa ya rubuta ƙasa inda yake nufin ƙasa.